Gurbin Kwanan Wata

Litinin, 4 ga Maris, da hantsi

Yau ma sun yi taro a kan rumbun adana shirye-shirye, ba su kira ni ba. Ni na gina shi. Lokacin da na dawo daga karatu da digirina biyu, kaf gidan rediyon nan babu mai iya kunna kwamfuta sai ni. Daraktan yanzu yana ɗan koyon aiki a lokacin, da hannuna na kama yatsansa na nuna masa inda ake dannawa. Da kujera ta samu, shi suka ɗora. Ni kuwa suka ba ni ɗakin da ke jikin banɗaki, da tebur mai ɗingishi, suka karɓe mabuɗin ɗakin injuna. Lambar sirrin da suka bar mini ta kallo ce kawai. Ina ganin sunayen shirye-shirye, ba na iya saurara, ba na iya gyara ko wasali ɗaya. An ba ni ƙamshin miya, an hana ni cokali.

A allon sanarwa na ga abin da suka yanke. Ƙarshen wata za a kwashe duk muryoyin da ke rumbun zuwa sabuwar na'ura, a goge tsofaffin injunan, kamfanin da ya ba da hayarsu ya zo ya ɗebi kayansa.

Da yamma zan je asibiti. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Laraba, 6 ga Maris, bayan la'asar

Auta ta tare ni a bakin ɗakin uwarta a asibiti, ta ja ni gefe. Ita kaɗai ce a garin nan cikin 'ya'yanmu, ita ke kwana a wurin.

"Baba, likitar magana ta ce a kawo muryar Mama."

Na ce wace murya.

"Ta rediyo mana. Ta ce in tana jin kanta tana magana, wataƙila harshen ya tuna hanya. Ba ta yi alkawari ba, amma ta ce a gwada."

Matata ta fi shekara ashirin tana ba yara labari a gidan rediyonmu kowace Asabar. Inna Mai Labari suke ce mata. Har gobe akwai manya da furfura masu tsayar da ita a hanya su ce, "Yara ku matso, tabarma da faɗi," don da haka take buɗe shirin. Tun ranar da ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta ce uffan ba. Idonta yana bin mutum, bakin ya ƙi.

Na ce wa Auta a waya fa? Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba. Uwarta ba ta taɓa yarda a ɗauke ta a waya ba, cewa take ta yi wa na'ura maganar da za ta ishe ta har lahira. Abu ɗaya Auta ta samo, wani ɗan bidiyo, tana yanka albasa tana cewa, "Kashe abin nan." Shi ke nan.

Na ce zan kawo. Suna rumbun, duk. Ni na zuba su.

Alhamis, 7 ga Maris, da safe

Rumbun biyu ne. Akwai na kaset, wato tsofaffin shirye-shiryen da na yi shekaru ina juyewa ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta. Akwai na yau, wanda yara ke zuba wa labarai da tallar sabulu. Kaset ɗin kansu babu su. Na rubuta takarda a kan yoyon rufin sito har na gaji, damina ta zo ta yanke mana hukunci, aka kwashe su a buhu aka zubar. Abin da ke cikin injunan nan shi ne kaɗai ya rage.

Ni na gina shi.

Juma'a, 8 ga Maris, da hantsi

Sun ɗauko wata Injiniya daga waje ta yi aikin ƙaurar. Sa'ar Auta ce. Waya biyu, gilashi a ka, gyaɗa a aljihu. Ba ta da raini, wannan zan faɗa. Na same ta a ɗakin taro, ta miƙe ta ba ni kujera.

"Baba, an ce kai ne uban rumbun."

Na ce uban da aka raba da 'ya'yansa.

Ta yi dariya, ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Umarnin da ta rubuta hawa biyu ne. Hawan sama yana kiran duk abin da ke rumbun kaset, hawan ƙasa yana kiran na rumbun yau, kalma ɗaya a tsakiya tana haɗa su su zama jeri guda. Ƙarƙashin kowane hawa ta sa rariya: kada wani abu ya wuce sai in kwanan watansa ya faɗa tsakanin ranar da aka buɗe gidan da yau.

Na ce rariyar ta mece ce, tunda komai za a ɗauka.

"Shara, Baba. Yaranku sun cika shi da gwaji. Akwai shirin da aka ce an yi shi kafin a haifi kakana, akwai wanda sai jikokina sun yi aure za a watsa. Wannan zai zubar da su. Duk abin kirki yana tsakanin ranakun nan biyu, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne. Da bakina na ce haka ne.

Asabar, 9 ga Maris, da yamma

Na ba matata kunu da cokali. Rabin ya zube ta gefe. Ta kalle ni kallon da take mini in na saya mata zane mara kyau.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan azahar



Ina zaune gefen gadonta ina ba ta labarin Injiniya, don kawai ɗakin ya daina shiru, sai na tuna rubutunta a bayan kaset. Matata ba ta taɓa rubuta kwanan wata ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na saya mata kalanda. Sai ta ɗauki biro ta rubuta, "Ranar da aka yi ruwa." Ko, "Ranar da Auta ta yi haƙori." Akwai wanda ta sa wa, "Ranar da Malam ya yi fushi a kan gishiri." In na yi magana ta ce, "Kai lambobi kake tunawa, ni ranaku."

Da na zo juye su, na kwafe waɗannan kalmomin a gurbin bayani, na bar gurbin kwanan wata wayam. Sauran ma'aikata in ba su san rana ba, ɗaya ga Janairu suke bugawa su wuce. Na ce musu wannan ƙarya ce, rumbu ba wurin ƙarya ba ne. Har yau ina kan bakana. Abin da ban sani ba, ba zan rubuta na sani ba.

Amma na san yadda rariyar nan take aiki. Tambayar kowane layi take: kana bayan ranar buɗewa? Kana gaban yau? Wanda ya ce e sau biyu ya wuce. Gurbin da ba komai ba ya cewa e, ba ya cewa a'a, shiru yake yi. Na'ura kuwa ba ta jiran mai shiru.

Duk shirye-shiryenta za su zube tare da shara.

Ta ga fuskata ta sauya. Ta ɗaga girar da ke motsi. Na ce ba komai, cikina ne.

Litinin, 11 ga Maris, da safe

Na je har ƙofar Darakta na dawo.

Talata, 12 ga Maris, da yamma

Auta ta gane. Jinin uwarta ne, ba a ɓoye mata.

"Baba, ina muryar?"

Na yi mata bayanin hawa biyu da rariya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To ka je ka roƙi Darakta mana."

Na ce yaron da na koya wa riƙe linzamin kwamfuta?

"Ko ka koya masa tsarki ne, Baba. Girman kan nan naka ya ci maka kujera, ya ci maka mabuɗi, yanzu Mama kake so ya ci?"

Ban taɓa jin wannan daga bakin 'yata ba. Na ɗaga hannu in nuna ta, na mayar aljihu. Daga baya ta kawo mini shayi ta ajiye. Na sha.

Laraba, 13 ga Maris, da hantsi

Na shiga ofishin Darakta. Ya tashi tsaye, ya ce, "Malam! Yau da kanka?" Ya tambayi mai jiki. Ya ce shi ma a tabarmarta ya girma, har ya kwaikwayi yadda take muryar kura. Bai yi kama ba ko kaɗan. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce abu biyu nake nema, ko wanne ya samu. Ko a ba ni mabuɗi na awa ɗaya in kwafi shirye-shiryenta, ko a buɗe mini lambata in cike gurbin.

Ya sosa ƙeya. "Malam, ka fi ni sanin doka. Babu abin da ke fita daga rumbun sai hukumar gudanarwa ta zauna, kuma ba za ta zauna ba sai wata mai zuwa. Kai ka rubuta ta fa. Har yanzu da sa hannunka a ƙasa."

Haka ne. Kuma doka ce mai kyau.

"Gyara kuwa an kulle wa kowa, har ni, sai an gama ƙaura. Amma wannan ai ƙaramin abu ne. Yi wa Injiniya magana ta ƙara layi ɗaya. Ana gamawa ni da kaina zan nemo izinin, in sa a zuba maka duka a filas na kwamfuta, in kawo har asibiti in gaida Inna."

Na ce na gode. 

Alhamis, 14 ga Maris, da safe

Injiniya ba ta zo ba.

Juma'a, 15 ga Maris, bayan azahar

Ta zo. Na faɗa mata. Ta dafe kai.

"Kai, Baba, ka cece ni! Ban kawo masu gurbi wayam a raina ba. Da an yi abin kunya."

Rabona da jin wani ya ce na yi daidai a ginin nan har na manta. Na ji kunyar yadda abin ya yi mini daɗi.

Tana cikin bugawa waya ɗaya ta yi ƙara, ta maƙale ta a kafaɗa, ɗayar ma ta ɗauka. Bikin ƙanwarta ake shiri, ana rigima a kan kujeru. Da hannu ɗaya ta ƙara layin: ko kuma wanda ba shi da kwanan wata. Ta danna. Jeri ya zubo. Ta nuna mini da ɗan yatsa, ga su nan, gurbi wayam, gurbi wayam, gurbi wayam, duk sun wuce. Ta ɗaga mini babban yatsa tana ce wa waya, "Ba shuɗi na ce ba, Anti, fari na ce!"

Na fito ƙafata ba nauyi. A asibiti na ce wa matata, "Saura kaɗan ki ji surutunki, ki san abin da muka sha." Gefen bakinta ya ɗan motsa. Na rantse ya motsa.

Asabar, 16 ga Maris, da asuba

Na yi barci. Rabon da in yi har na manta.

Asabar ɗin dai, da yamma

A cikin bas ne abin ya faɗo mini. Sunayen da na gani a jerin jiya. Tallar sabulu. Sanarwar ɗauke ruwa. Hira da mai horar da 'yan ƙwallo. Duk na yara ne, duk na rumbun yau. Ban ga ranar da aka yi ruwa ba. Ban ga haƙorin Auta ba.

Hawa biyu ne. Kowanne da rariyarsa. Layi ɗaya na ga ta buga.

Wataƙila ta buga biyu ban lura ba. Idona ba kamar da ba. Wataƙila na matata suna can ƙasan jerin. Amma hawan sama shi ke fara zubowa, na san wannan tun ba a haifi Injiniya ba.

Na wuce tashata ban sani ba.

Lahadi, 17 ga Maris, da safe

Na kira Injiniya, wayar a kashe. Ɗayar lambar tana shiga, kiɗa kawai nake ji kafin ta katse. Na sa Auta ta rubuta mata saƙo: a duba hawan sama. Auta ta ce saƙon ya tafi, ba a buɗe ba.

Ba komai. Gobe zan je da sassafe in zauna a ƙofar ɗakin taro har ta zo. Akwai sauran lokaci kafin ƙarshen wata. Layi ɗaya ne. Akwai lokaci.

Litinin, 18 ga Maris

Ban je ba. Auta ta kira kafin in sa takalmi.

Talata, 19 ga Maris, da rana

Jikin matata ya tsananta, sun mayar da ita ɗakin da ba a shiga da takalmi. Ta gilashi muke kallo. Akwai wata na'ura a gefenta mai yin ƙara a-kai-a-kai, na tsani ƙarar, ina kuma tsoron ta daina.

Na fita baranda na kira Darakta. Na ce a gaya wa Injiniya hawan sama, hawan sama, ta san abin da nake nufi.

"Malam, kwantar da hankalinka. Ta gaya mini ka nuna mata, ta gyara, ta gwada a gabanka. Har yabonka ta yi. Ka ji da Inna kawai."

Na ce rabi ta gyara.

"To, to. Zan faɗa mata. Allah ya ba da lafiya."

Na san wannan muryar. Da ita ake lallashin tsoho. Na ji yana tauna wani abu.

Laraba, 20 ga Maris, da yamma

Ina ta ƙoƙarin in ji ta a kaina. Yara ku matso, tabarma da faɗi. Kalmomin suna nan. Amma a kan "faɗi", sama take kai murya ko ƙasa? Na tambayi Auta, ta ce sama. Na kira babban wanta a waya, ya ce ƙasa, ya ce kuma tana ɗan dariya kafin nan. Ni ban tuna dariyar ba. Ni da nake bayan gilashi da abin ji a kunne duk Asabar, ina lura da allurar sauti kada ta haura ja. Allurar nake kallo.

Alhamis, 21 ga Maris

Yadda take jiya.

Juma'a, 22 ga Maris, da hantsi

Saƙon har yanzu ba a buɗe ba. Na ce wa Auta zan leƙa ofis in dawo, awa ɗaya. Ta riƙe hannun rigata kamar tana ƙarama. "Baba, kar ka bar ni ni kaɗai a nan." Likita ya ce a zauna kusa.

Na zauna. Akwai sauran mako guda.

Lahadi, 24 ga Maris, bayan la'asar

Sun cire wa matata bututun numfashi. Ta buɗe ido, ta neme mu, ta same mu. Auta ta durƙusa a ƙasa tana kuka tana dariya, har ma'aikaciyar jinya ta ce za ta kore ta. An dawo da ita ɗakin da. Likitar magana ta leƙo ta ce in ta ƙara ƙarfi za a fara, ta tambaya ko an samo muryar. Na ce jibi.

Na gode wa Allah. Ina rubuta wannan don kada a ce ban gode ba.

Litinin, 25 ga Maris, da safe

Ƙofar ɗakin injuna a buɗe take. Rabon da in gan ta a buɗe tun da suka karɓi mabuɗina.

Litinin ɗin dai, da rana

Babu komai a ciki. Sawun ƙafafun injunan a kan siminti, da igiyoyi a naɗe a lungu. Mai gadi ya ce motar kamfani ta zo ranar Alhamis, wai suna da kaya a wani gari, hanya ɗaya ce, suka roƙi a gaggauta. Aka yi ƙaura ranar Laraba. Aka goge a gaban wakilinsu, sau uku, yadda yarjejeniya ta ce, kowa ya sa hannu.

Na je ɗakina na kunna. Lambata tana aiki a sabuwar na'urar, har an ƙara mini izinin sauraro, wannan kam Darakta ya yi. Na buga sunanta. Na buga sunan shirin. Na buga ruwa. Na buga haƙori. Na buga gishiri.

Na zauna ina kallon farin allo.

Sannan na nemi abin da aka yi ranar ɗaya ga Janairu. Ya zubo kamar ƙasa. Dubbai. Duk masu ƙaryar sun haye lafiya.

Talata, 26 ga Maris, da hantsi

Injiniya ta zo ɗakina da kanta. Ba gyaɗa, ba gilashi a ka. Sai jiya ta buɗe saƙon, wayar ta faɗa ruwa a wurin biki. Darakta ya ce mata, "Tsohon ya sake kira a kan maganar nan," ta ce ai an gyara. Ta buɗe umarnin a gabana. Layin yana nan a hawan ƙasa, shi kaɗai.

"Baba, na ga suna wucewa. Kai ma ka gani."

Na ce na gani.

Ta kira kamfani a gabana, ta yi magiya, ta yi faɗa. Sun ce injunan sun riga sun shiga wani aikin. Ta ce za ta nemi masu tono abin da aka goge, ko nawa ne. Na ce sau uku aka bi ta kai, 'yar nan, ke ma kin sani. Ta zauna a ƙasa jikin teburina mai ɗingishi, har ya karkata. Ni na ba ta haƙuri. Ban san daga ina ya fito ba.

Darakta ya aiko a kira ni. Ban je ba. Ya sake aikowa cewa za a yi sanarwa ko akwai mai sauraron da ya taɓa ɗauka a kaset a gida. A yi. Wa ke da kaset yanzu?

Laraba, 27 ga Maris

Ban gaya wa Auta ba. Na ce na'ura ce take gardama.

Alhamis, 28 ga Maris, da yamma

Ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi.

Muka shiga tare. Matata tana jingine da filo biyu, an ɗaure mata kallabi. Ta kalli hannuna na dama, ta kalli na hagu, ta ga ba komai. Ta ɗaga hannun da ke aiki ta taɓa kunnenta, ta nuna ni.

Na ja kujera. Na ce, "Yara ku matso, tabarma da faɗi." Na kai murya sama. Ta girgiza kai a hankali. Na sake, na kai ta ƙasa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sake girgiza kai. Leɓenta ya buɗe, ya yi ta neman abin, iska kawai ta fito.

Auta ta ciro waya ta kunna ɗan bidiyon, don shi ke gare mu. "Kashe abin nan." Ta sake kunnawa. A na uku matata ta rufe ido.

Asabar, 30 ga Maris, da hantsi

Yau ce ranar shirinta, da.

Sama da shekara ashirin, kowace Asabar. Ranar da aka yi ruwa, ranar da Auta ta yi haƙori, ranar gishiri, da sauran da ban haddace sunayensu ba. Kaset ɗin an zubar. Injunan an goge. A sabon rumbun babu ko ɗaya.

Muryar matata ba ta bakinta, ba ta kuma ko'ina.